Ba Bauta Ba Ce, Binta

Zuwa ga ƙawata Binta, a Abuja,

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya sabon ofis? Na kira ki har na gaji, saƙonnina kuwa buɗewa kike ki wuce. Shi ya sa na kawo maganar nan fili, inda 'yan ajinmu za su gani. Ki yi haƙuri, ke kika koya mini cewa abin da ba a sa a gurup ba kamar bai faru ba ne.

Kin tuna haɗuwarmu? Motar Juma'a daga Zuru, mu biyu a matse a kujerar gaba, za mu laccar digiri na biyu a fannin koyar da darasin zamantakewa. Ni malamar sakandare ce mai jin kunyar buɗe baki gaban farfesa. Ke kuwa kafin a tashi daga zama ɗaya kin karɓe lambar kowa. Kullum sai ki ce, "Talatu, karatu kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, sai an san fuskarki." Ke kika sa ni a ƙungiyar ɗalibai, ke kika gyara mini takardar neman aiki, ke kika ja hannuna muka je gaida manya. Ban manta ba, kuma ba zan ce ban amfana ba.

Bincikena a kan golmo ne, yadda saurayi a wajenmu yake tara abokansa su yi wa iyayen budurwarsa noma, damina bayan damina, kafin a yi aure. So nake in nuna yadda malami zai ɗauki wannan ya koyar da haɗin kai da juriya, maimakon misalan littafi da yaranmu ba su taɓa gani ba.

Sau biyu kika raka ni Danko wajen Baba Dogo, wan mahaifina. Mutumin nan ba ya son a ɗauki muryarsa, sai da na yi ta lallashi. Kina zaune a tabarmarsa kina ɓare gyaɗarsa lokacin da ya ce, "Ki rubuta duka, amma kada ki bari 'yan boko su ce bauta muka yi. Da ƙafata na je gonar nan, ina waƙa." Ni na fassara miki. Har cewa kika yi in maimaita.

Da taron ƙara wa juna sani na Abuja ya zo, shugaban makarantarmu ya hana ni tafiya saboda jarabawar yara. Kika ce, "Kawo takardar in karanta a madadinki, ai haka ake yi." Gaskiya ne, ana yi. Na tura miki komai, har da hotunan Baba, ina ta sa miki albarka.

Sai ga hotuna a gurup. Sunanki a allo, shi kaɗai. Wallahi na ji zafi, amma na haɗiye. Na ce wataƙila mai buga takarda ne ya yi kuskure. Ashe da saura. Da na buɗe bidiyon taron, ga fuskar Baba cike da bango, ga ki tsaye da makirufo kina kiran golmo bauta, da Turanci ɓaro-ɓaro, ana ta tafi.

Haba, Binta! Kalma ɗaya tak tsohon nan ya roƙa a kiyaye masa.

Amsa ɗaya kika taɓa ba ni, wai masu ba da tallafi irin kalmar da suke son ji ke nan. To sun ji, sun kuma ba ki kujera. Allah ya sa alheri.

Bidiyon ya kai Danko. Ɗan Baba da ke koyarwa a Ribah ne ya nuna masa, ya fassara masa. Baba bai san Abuja ba, bai san wani taro ba. Abin da ya sani shi ne 'yar ƙanensa ce ta shigo da baƙuwa gidansa, ta kunna waya, ta yi masa alkawari.

Ki riƙe takardar, ki riƙe aikin, ba su nake bi ba. Ki zo Danko ki durƙusa ki ce masa ke kika faɗa, ba ni ba. Ya tsufa ƙwarai, tun bara ƙafar ma ba ta kai shi gona. Ina tsoron ya tafi da wannan a ransa.

Ranar Asabar na je gaishe shi. Tun da aka haife ni da yarenmu na C'lela yake amsa mini, yana tsokanata wai boko ya lanƙwasa mini harshe. Wannan karon na gaishe shi da C'lela, ya dube ni, ya amsa da Hausa, yadda yake amsa wa masu zuwa sayen hatsi. A kan mashin na yi kukana har Zuru.

Ina fushi da ke, fushi mai tsanani. Duk da haka, ranar Juma'a in na wuce tasha sai in ga kamar za ki leƙo ta taga ki ce na makara. Allah ya kiyaye ki, ya raya miki yaranki, ya taushe zuciyarki. Allah ya ja kwanan Baba har ki iso.

Taki,
Talatu, daga Zuru