Gida Na Biyar a Takardar Maki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya hannun autarki, an kwance ɗaurin? Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwa, ita kuma mun saba da juna.

Shekarata saba'in da huɗu, kuma ban rubuto don a tausaya mini ba. Jiya a waya kin yi mini magana da muryar da ake lallashin majinyaci da ita, shi ya sa na katse na ɗauko alƙalami. Ɗakin da kika share mini, ki mayar wa yaran kayansu. Ba inda za ni.

Ga yadda abin ya faru, ba yadda kika ji ba. Gidan talabijin ne suka gayyace ni cikin alƙalai uku na muhawarar 'yan takara, saboda shekara talatin da shida da na yi ina alƙalancin muhawarar ɗalibai. Na tafi da takardata ta makaranta mai gida huɗu: murya, tsayuwa, jera hujja, kiyaye lokaci, kowane gida maki biyar. Aka zaunar da mu ƙarƙashin fitilu masu zafi, wata ma'aikaciya ta shafa mini hoda ba ta nemi iznina ba.

Ɗaya daga cikin 'yan takarar tsohon ɗalibina ne, wanda 'yan ajinsu ke kira Lauya. Ni na koya masa ya ɗan yi shiru kafin ya amsa, ya ƙirga hujja da yatsu uku, ya gama kafin ƙararrawa. Bai manta ko ɗaya ba. Aka tambaye shi me zai yi game da ɗakin haihuwar da aka rufe a asibitin unguwarmu. Ya yi shirunsa, ya ɗaga yatsunsa, ya yi magana mai ratsa jiki a kan darajar uwa. Ɗakin haihuwa bai shigo bakinsa ba.

Abokin karawarsa likita ne mai in'ina. Ya tsaya a karkace, idonsa a takarda, ya faɗi gado nawa ne a ɗakin, ungozoma nawa ake buƙata, wata nawa gyaran zai ci. Ƙararrawa ta kaɗa yana tsakiyar magana, aka kashe masa makirufo.

Na ba Lauya sha tara, likita sha ɗaya, na karanta da bakina. Ban yi son kai ba. Ke kanki ban taɓa ƙara miki rabin maki ba. Washegari hotona ya bayyana a bangon titinmu kusa da na Lauya, an rubuta cewa Malama ta ba shi sha tara. Zagin da ake yi mini a waya bai dame ni ba. Amma mai kantin ƙasan gidanmu, wanda matarsa ta haihu a cikin mota bara a hanyar wani asibitin, ya miƙo mini sabulu bai ɗago kai ba.

Kwana uku ina bin takardar ina neman kuskure a jimlar maki. Babu. Kuskuren ya girme ki. A makaranta da ƙuri'a muke raba wa yara ɓangare: wanda ya ɗauki goyon baya ya goya, wanda ya ɗauki adawa ya yi adawa. Ba a tambayar yaro ko ya yarda da abin da yake faɗa, balle ko zai aikata. Wannan ma'aunin na ɗauka na auna waɗanda za su riƙe mabuɗin asibiti.

Na gaji, 'yata, kuma ba gajiyar gwiwa ba.

Shugaban shirin ya ce takardar ta yi farin jini, za su haska ta a allo ranar muhawara ta biyu. Na nemi a ƙara gida guda: shin mutum ya amsa abin da aka tambaye shi? Ya yi dariya, ya kira ni Mama, ya ce lokacin talla ba zai bari ba.

Saboda haka da safiyar nan na mayar musu da katin shiga. Na zana sabuwar takarda mai gida biyar, na ƙarshen shi kaɗai maki ashirin, na cike ta da jan biro: Lauya sifili a gidan amsa tambaya, yana nan da sha taransa, likita talatin da ɗaya. Na sa hannu, na sauka da sandata, na liƙa ta a ƙarƙashin hotona. Mai kanti ne ya ba ni aron gam. Kada ki wahalar da kanki da shawara, ya riga ya bushe.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yaran. Allah Ya bar mu tare. Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki.