Sunana a Bayan Lambar Sarki

Zuwa ga ɗana Gasparo, a birnin Napoli.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ginevra. Allah Ya tsare ku daga zazzaɓin bakin teku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar uwarka Orsola ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san shekara biyu kacal na yi a gaban limamin coci, ɗayar ma a gyangyaɗi ta tafi.

Gasparo, maganar lambar Sarki ce, tagullar nan mai kamar kwabo mai ɗauke da fuskarsa, ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna kai ka fitar da fuskarsa da kakin zuma, har ka rage masa hancin nan nasa, ni kuwa na zuba tagulla. Ranar da za ka tafi ka ce in sa sunanka a bayanta, ƙarƙashin hoton hasumiya. Ban sa ba, ɗana. Nawa na sa. Na ce wa kaina wurin ya yi kaɗan, alhali ni da zuciyata mun san ƙarya nake.

Lambar ta karɓu ƙwarai. Da yawa muka ƙera, Sarki ya aika wa sarakunan maƙwabta da wasu don su ga fuskar da za su ji tsoro. Sauran aka zuba a tuluna aka binne a harsashin sabuwar ganuwa, domin waɗanda za su zo bayan shekara dubu. Ina tsaye aka ɗora dutse a kai, ana yi mini barka, ni kuma ina ta washe baki kamar ango.

Makon jiya Sarki ya ce in yi ta Gimbiya. Kwana uku ina murza kaki, uwarka ta leƙo ta tambaye ni akuyar wa nake yi. Jiya dai na je na durƙusa na faɗa masa gaskiya. Bulala na zata, amma ko murya bai ɗaga ba. Ya ce a kirawo ka ka yi ta Gimbiya da sunanka, sai dai ba za a rushe ganuwa saboda tsohon maƙaryaci ba, kuma sarki ba ya aika a dawo masa da kyautar da ya bayar.

To ka ji. Aikinka na fari yana ƙarƙashin dutse da sunana, ba ni da hannun da zai tono shi. Ban ce ka yafe mini yanzu ba. Ka dai zo kafin bikin Ista, kada laifina ya ci maka na biyu. Zan tsaya wajen murhu in hura maka wuta, ba sai ka dube ni ba.

Uwarka da ƙanwarka Polissena suna gaishe ku. Ka gaida kawunka Bartolo, kada ka nuna masa takardar nan, dariyarsa ta fi bulala zafi.

Ubanka mai jiran amsa,
Taddeo