Ni Ce Na Goge Muryar Mijin Yayata

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yi saurin zagina, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Mijin yayata direba ne, Jibiya zuwa Maraɗi. Bai iya rubutu ba, sai saƙon murya yake tura mata: yau ya ce an tsare su a Magama, gobe ya tsokane ta a kan tuwonta, har waƙa yake yi mata. Hatsarin mota ne ajalinsa. Yayata tana cikin takaba wani saƙo ya bazu a WhatsApp, wai ana kutse cikin wayar matar mamaci a kwashe muryoyinsa a watsa wa duniya. Hankalinta ya tashi. Tunda ba ta fita, ta miƙo mini wayarta in kulle mata, wai ni ce 'yar bokon gidan. Ni kuwa me na sani ban da danne-danne? Amma girman kai ya hana ni in ce ban iya ba. Na shiga nan na fita can, sai wayar ta mutu ta taso fes kamar daga kwali. Komai ya tafi. Masu gyara biyu na kai wa, duk suka ce sai haƙuri.

Da na mayar mata, ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Ina muryar Malam ta tahi?" Wallahi bakina ne ya riga ni. Na ce ai ɓarayin sun riga mu shiga.

Ta daɗe da fita takaba, amma ta daina zuwa biki, gani take duk matan garin sun ji abin da mijinta ke gaya mata a asirce. In aka kunna muryar namiji a waya kusa da ita, sai ta sandare. Ni ma waƙar nan tasa ba ta barin kunnena, ko aiki nake yi. In na faɗi gaskiya za ta san asirinta a rufe yake, amma ai har yanzu tana sa ran za a dawo mata da muryar. Da wane baki zan ce babu ita ko'ina?

Kullum ta idar da salla sai ta ja wa wanda ya raba ta da muryar Allah ya isa, ta juyo ta ce, "Ce amin mana, auta." Kuma ina cewa.

Jama'a, me zan yi?