Ƙorafi Kan Katin Shiga da Aka Karɓe da Jirgin da Za a Yanka

Daga: Tsohon Mai Sikeli,
Gida na uku bayan tankin ruwa,
Layin Tsofaffin Ma'aikata.

Zuwa ga: Mai Girma Manajan Filin Jirgin Sama.

Litinin, 18 ga Maris.

Game da: Hana ni da yayana shiga tsohon jirgi mai farfela da ke bayan rumfar gyara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana auna kaya a filin nan, tun lokacin da ake ɗora fasinja a sikeli tare da jakarsa. Karatuna aji huɗu ne, a yi mini afuwa idan na saɓa tsarin ofis. Ina rubutu ne a madadin yayana, wanda kowa ke kira Kyaftin. Shi ya tuƙa wannan jirgi shekara goma sha tara. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan bai ci abinci ba, sai ruwa da shayi.

1. Yaya yana da ciwon mantuwa. Tun rasuwar matarsa, shekara uku da suka wuce, ya daina ci a gida. Manajan da ka gada ya ba mu kati muna shiga tsohon jirgin kullum da azahar. A kujerun matuƙa Yaya ya zauna hagu, ni dama, in karanta masa katin tambayoyin da matuƙa ke bi kafin tashi, yana amsawa ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, shi da ba ya gane 'yarsa. Sai ya ce mun kai sama mun daidaita, sannan ya karɓi kwano. Dole kuma abincina ya bambanta da nasa, domin a ƙa'idarsu matuƙa biyu ba sa cin abu ɗaya, kada ciki ya ɓaci musu tare. Idan shinkafa na kawo masa, ni burodi nake ci.

2. Ranar Alhamis, 7 ga Maris, da misalin ƙarfe ɗaya da kwata, na tsaya kallon tsattsewar da ta yi sheƙa a bakin injin hagu. Laifina ne, ban musa ba. Kafin in juyo Yaya ya tsallake layin rawaya da aka hana mu wucewa, ya je wurin wani ƙaramin jirgi da aka ajiye, ya cire jan ƙyallen da ake rufe bututun auna iska da shi. A ganinsa jirgin tashi zai yi, an manta ba a cire ba. Ya miƙa wa shugaban masu gadi ƙyallen da hannu biyu, yana jiran godiya. Shugaban masu gadi ya ce filin jirgi ba gidan mahaukata ba ne, ya karɓe katinmu a gaban masu shara, waɗanda iyayensu ke miƙewa tsaye idan Yaya ya wuce.

3. Na zo ofishinka ranar 8, da ranar 11, da ranar 14 ga wata. Sakatarenka ya ce in rubuto. A zuwa na uku ne na ga takarda a allon sanarwa cewa masu yankan ƙarfe za su zo wa jirgin ranar Asabar, 23 ga Maris. Ba wanda ya gaya mana.

4. A takardar an rubuta cewa jirgin tarkace ne. Ranka ya daɗe, sau bakwai na hau shi a matsayin fasinja, Yaya na tuƙi. Na ji ƙanƙara tana ɓallewa daga farfela tana dukan jikin jirgin kamar ana watsa tsakuwa a kwanon rufi. Na ga shayi a kofi yana yin zobe-zobe saboda rurin inji, har sai Yaya ya daidaita farfelun biyu, zoben ya kwanta. Akwai ƙadangaren da ya bi mu tafiya da dawowa a bayan labulen taga, ya sauka bai gaida kowa ba. Na san wannan ba hujja ba ce a ofis. Na faɗa ne don a san wanda ake shirin yankawa.

5. Na yi iya dabarata a gida. Na jera kujeru biyu a ɗaki, na kunna fanka a bayanmu, na ɗauko katin tambayoyi. Ya dube ni ya ce ni ƙaninsa ne ko mayaudari, wannan ai fanka ce. Yanzu kullum yana zaune bakin gado da hularsa ta aiki, yana cewa hasumiyar kula da jirage ba ta ba shi izinin tashi ba tukuna. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Likita ta ce idan aka kai Juma'a a haka, sai dai a zura masa roba ta hanci, a ɗaure hannayensa kada ya fizge. Hannayen nan sun taɓa sauke mutum arba'in lafiya da inji ɗaya, bayan ɗayan ya mutu a sama.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Manaja, don girman Allah, a mayar mana da katin a wannan mako, ko da za a haɗa mu da mai gadi, ko a ɗaure hannuna da nasa da igiya. Ina roƙon a ɗaga ranar yankan. Idan kuma an riga an sa hannu, a bar mana kan jirgin kawai, kujeru biyu da sitiyari da taga, ni zan nemi masu turo shi gida.

Idan duk wannan ya fi ƙarfin ofishinka, saura roƙo ɗaya. A aiko ma'aikacin hasumiya, da rigar aiki, ya tsaya a ƙofar ɗakin Yaya ya gaya masa da muryar ofis cewa an soke tashin yau, an sallame shi, ya je ya ci abinci. Ni na faɗa masa sau ba adadi. Ba ya karɓar umarni daga mai sikeli.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka tsufa a hannun masu tausayi.

Naka mai biyayya,
Tsohon Mai Sikeli,
ƙanin Kyaftin.