Kawu Ya Ƙone Irin Dawar Inna

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Ikko? Ya Yaya Binta da yara? Mu nan Ruwan Godiya lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ɗiyata Hadiza ta zo hutu daga jami'a. Muna tankaɗe take gaya mani wai iri mai rai yana fitar da ɗan haske in zai tsiro, ido bai ganinshi, sai na'ura. Ta roƙi cikin hannu na dawar Inna ta kai a gwada. Shi ke nan fa!

Kafin maganar ta kai kunnen Kawu Sale ta koma "dawar rumbu tana haske". Bai tambayi kowa ba. Ya ce aljannu ne, ya fiddo damin irin da muke shukawa tun Inna na raye, ya cinna mashi wuta. Na ce, "Kawu, damina ta matso, me za mu shuka?" Wai in gode mashi!

Ka kira shi, ni in na buɗe baki zan yi rashin kunya. Gaida kowa, ku sa mu addu'a.

Hasken da ba wanda ya gani ya ba shi tsoro, Yaya, sai ya kunna mana wanda duk gari ya gani.

Ƙanwarka,
Rabi