Giyar Raggwaye

Litinin, 5 ga Agusta 1963
An kawo wa ofishin dabbobi na Kankiya sabuwar a-kori-kura, ni aka danƙa wa. Wai daga masana'anta aka yo ta tana ja da taya huɗu, da wata 'yar guntuwar giya a gefen babbar. Malam Lawal, malamin allura, wanda ko keke bai iya ba, shi ke koya mini: "Malam Sodangi, in ka ga taɓo, wagga za ka ja." Shekara goma sha tara ina tuƙi! Shebur da karan dawa da sassauta iskar taya, da su na san hanya. Giyar raggwaye ce, ba zan taɓa ta ba.

Alhamis, 8 ga Agusta
Matata Haulatu ta ce taurin kaina ya fi na jakin babanta. Na bar mata tuwonta.

Asabar, 10 ga Agusta
Wani makiyayi, Bubayero, ya aiko daga Kaikai, cutar shanu ta bushiya ta ɓulla a rugar maƙwabcinsa. A zo a yi wa nasa shanun allura tun ba ta tsallako ba.

Litinin, 12 ga Agusta
Mun kafe a rafin da ke bayan Kusada. Lawal ya yi ta magiya in ja giyar. Na ce ya riƙe akwatin maganinsa, ni in riƙe sitiyarina. Na haƙa, na shimfiɗa kara, na fito da motar da hannuna bayan la'asar, mutanen ƙauyen Ƙofa masu dawowa daga kasuwa har da tafi. Sai dai ƙanƙarar da ke cikin akwatin ta narke, maganin ya lalace. Muka juyo. Laifin wanda bai zuba ƙanƙara da yawa ba ne.

Talata, 13 ga Agusta
Lawal bai kai ƙarata ba. Wannan ya fi ba ni haushi.

Litinin, 19 ga Agusta
Sai jiya sabon magani ya iso daga Katsina. Rafin nan dai, ya ma fi cika. Tayoyin baya suka fara haƙa. Lawal ya kau da kai yana kallon gonar gero. Na ja abar. Mota ta haye kamar saniya ta ga ɗanta. Muka wuce Kaikai.
Sauri nake yi, shi ya sa.

Juma'a, 30 ga Agusta
Bubayero ya zo har gida bayan masallaci. Allurar ta tsare garken, amma maruƙa bakwai da suka kamu kafin mu je sun mutu. Ya dire mini ƙwaryar kindirmo, ya ce ya ji yadda na sha wuya a rafi saboda shanunsa, Allah Ya saka. Na ce amin.
Haulatu ta tambaya ko ta dama mini fura da shi. Na ce ta ba yara, ni cikina ba daɗi.