Jan Ƙyalle a Turken Shinge

Zuwa ga Kakana,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafarka ta yi sauƙi, kuma masu jinya a Tulsa sun daina hana ka gishiri. Mama na gaishe ka.

Kaka, na shiga ƙungiyar gasar duba ƙasa ta makarantarmu. Ana haƙa rami, mu shiga, mu murza ƙasa a yatsu, mu rubuta ko ta noma ce ko za ta ɗauki gida. Mu huɗu ne, amma makin uku ake ƙirgawa, a yar da na ƙarshe. Kullum nawa ake yarwa. Colby, babbanmu, har yana ce mini, "Ke Ta-bola, kin zo rakiya?" Ba na tanka masa. Malam Hostetler ya ce in aka sake yar da nawa, wata zai ɗauka zuwa gasar jiha.

Ka san inda za a yi gasarmu ta wannan Asabar? Tsohuwar gonarka ta bakin rafi, wadda aka yanka filaye. Zan ci, ka gani.

Jikarka,
Raylene

Zuwa ga Kakana,

Bayan gaisuwa, ya jiki? Na ga saƙonka, na gode da addu'a.

Ban ci ba. Ramin ƙarshe, na tambayar gina gida, a ƙasan bishiyar nan aka haƙa shi, inda ruwa ya ci maraƙarmu. An kafa allo an rubuta wai ambaliya ba ta zuwa wurin. Dokar gasa kuwa, abin da allo ya faɗa shi ake bi, ko me ka sani. Na san amsar da suke so. Na tsaya ina kallon turken shingen da ka ɗora ni a kai ranar, ruwa har ƙirjinka. Sai na rubuta cewa wurin bai dace da gida ba ko kaɗan.

Da Malam ya ga takardata, sai ya kama kai. "Raylene, wasa ne fa! Allon ƙirƙira ne, kowa ya sani."

Na ce, "Filin ba ƙirƙira ba ne, Malam. Ga tutar masu sayarwa can."

Kowa ya ji. Colby ya ce, "Ashe Ta-bola na da baki!"

An yar da makina, an ba wata yarinya, Shawna, gurbina. Na yi kuka a mota, ba zan ɓoye maka ba. Mama ta ce in ba Malam haƙuri ko zai mayar da ni. Ba zan ba shi ba.

Jiya bayan coci na hau keke na koma. Na yage jan ƙyallen wuyana, na ɗaure a turken nan daidai inda ruwa ya tsaya. Duk wanda ya zo sayen filin zai tambaya na mene ne. In sun kwance, ina da wani.

Ka ci abinci, Kaka.

Taka har kullum,
Raylene